TUKWICIN TONA ASIRIN ƁARAYI: KOWA YA SANI A SUNKE, AMMA WA ZAI FAƊA?

Ran 14 ga watan Nuwamba na shekarar 2022 Hedkwatar Tsaro ta Nijeriya da ke Abuja ta fito da sunayen mutum 19 waɗanda ta ce su ne manyan shugabannin ɓarayin daji da suka addabi arewa maso yammacin ƙasar nan. Ta yi alkawarin ba da tukwicin Naira miliyan 5 ga duk wanda ya kawo labarin da zai sa a kama ko wane ɗaya daga cikinsu, ta kuma ba da lambar wayar da za a kira. A cikin jerin sunayen akwai Bello Turji da Ado Aleru da Ali Kachalla, akwai kuma Halilu Sububu, wanda aka daɗe ana danganta shi da ramukan haƙar zinariya na ƙasar Anka.

Ga wanda ke zaune a ofis a Abuja ko a Gusau, wannan dabara ce mai ma'ana. Hukuma ba ta san inda mai laifi yake ba, wani talaka ya sani, sabo da haka sai a sa masa ladan da zai kwance masa baki. Amma ga mutumin Sunke, ƙauyen nan na Ƙaramar Hukumar Anka da ke bakin dajin da ake kira da sunansa, lissafin ba haka yake ba. A can ba a rasa wanda ya sani ba. Mace mai zuwa itace ta san hanyar da baburansu ke bi. Bakanike ya san babur ɗin da aka kawo masa gyara da dare. Mai sayar da fetur a galan da mai burodi da mai cajin waya duk sun san baƙon da ke saye da yawa, ba ya kuwa neman ragi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda za a faɗa wa a kwana lafiya.

Akwai wani abin da ya faru a gabashin jihar wanda ya isa ya nuna haka. Cikin shekarar 2020 rundunar 'yan sandan Jihar Katsina ta sa Naira miliyan 5 a kan Ado Aleru, bayan kisan da aka yi a Kadisau ta ƙasar Faskari. Bayan shekara biyu, cikin watan Yuli na 2022, sai ga mutumin nan a fadar 'Yandoto ta Ƙaramar Hukumar Tsafe, da rana tsaka, a bainar jama'a, aka naɗa masa rawanin Sarkin Fulani, aka yi taro aka watse, ya koma inda ya fito. Gwamnatin Jihar Zamfara ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin, amma abin da ya faru ya riga ya faru, kuma bayan wata huɗu sai ga sunansa a cikin mutum 19 da ake cigiya. Talakan da ya ji wannan labari a rediyo yana da hakkin ya tambayi kansa, shin labarin me kuma ake so ya kawo?

ƘAUYEN DA YA SABA DA SHIRU

Sunan Sunke ya fara fita duniya ne cikin shekarar 2010, ba kuwa don alheri ba. A shekarar ce aka gano cewa gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, watau Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Yargalma da Tungar Guru, daga baya kuma Bagega. Yara fiye da 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar MSF da suka zo ba da magani, da ma'aikatan da suka kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga tsakar gidaje, sun tarar da wani abu da ya dace masu shirin ba da tukwici su riƙe. A farkon al'amarin an sami wuraren da aka riƙa ɓoye yawan yaran da suka mutu, don tsoron kada Hukuma ta hana haƙar da ake ci da ita. Mutanen ba jahilci ya hana su magana ba. Sun auna ne, suka ga faɗar gaskiya za ta raba su da abinci. Da suka ga ana ɗaukar yara ana yi musu magani suna farfaɗowa, iyaye da kansu suka riƙa kawo 'ya'yansu.

Zinariyar da ta jawo gubar ita ce kuma ta ƙara jawo masu bindiga. Cikin watan Afrilu na 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a duk faɗin jihar, hanin da ba a ɗage ba sai cikin Disamba na 2024. Cikin Oktoba na 2019 ɓarayin suka auka wa sansanin soja da ke Sunke suka kashe sojoji tara. Tun daga ran 4 zuwa ran 6 ga Janairu na 2022 aka bi ƙauyukan Anka da Bukkuyum ana kisa da ƙone-ƙone. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen yankin suka ce sun kai wajen 200. A cikin watan nan dai aka aika wa ƙauyuka tara na Bukkuyum da takardu, har da Yargalma, ana yanka wa kowanne harajin miliyoyin Naira. A cikin garin Anka kuwa, ginin sabuwar fadar sarki da ba a gama ba ya zama masaukin 'yan gudun hijira.

Wanda ke aika wa gari da takardar haraji ba ɓoyewa yake yi ba, mulki yake yi. Mutumin da ke zaune ƙarƙashin irin wannan mulki, daga Sunke har zuwa ƙauyukan Gummi da ke bakin Gulbin Zamfara, ya san cewa soja na zuwa su tafi, amma mai dajin yana nan, ya san gonarsa, ya san 'ya'yansa da sunayensu. Idan aka kai sumame a maɓoyarsu yau, tambayar farko da za su yi gobe ita ce, wa ya faɗa? Ba kuwa sai sun tabbatar ba. Zato kaɗai ya isa a kashe mutum, ko a ƙone rumbunan gari baki ɗaya.

CIGIYA DA TUKWICI A WURIN BAHAUSHE

Ba da lada ga wanda ya kawo labari ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Idan akuya ko jaki ko yaro ya ɓace, akan yi cigiya, sanƙira ya zaga kasuwa da unguwanni, daga baya gidajen rediyo suka karɓi aikin. Wanda ya tsinta ya kawo akan ba shi tukwici, wanda ya zo da labari mai daɗi akan ba shi goron albishir. A zamanin En'e kuma akwai tsanin da labari ke hawa. Baƙo ba ya kwana a gari sai mai masaukinsa ya kai shi wurin mai unguwa, mai unguwa ya sanar da dagaci, dagaci ya sanar da hakimi, har magana ta kai fada. Idan an kore shanu akan bi sawu, garin da sawun ya ƙare a cikinsa kuwa sai ya fito da ɓarawo ko ya yi bayani. Dillalan kara da Sarkin Pawa sun san saniyar da ta shigo kasuwa ba ta hanyar arziki ba. Dogarai da 'yan doka ba su da yawa, amma kunnuwansu na da yawa.

Wannan tsani ya fara raunana tun da aka haɗe 'yan dokar En'e cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya a ƙarshen shekarun 1960, sa'an nan gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya zare mulki daga hannun sarakuna. Masu kewar zamanin da sukan ce a koma can kawai, magana ta ƙare. Sai dai akwai bambanci babba. Cigiya a fili ake yin ta, tukwici ma a fili ake karɓarsa, har a yi wa mutum godiya a gaban jama'a. Hakan ya yiwu ne domin ɓarawon wancan lokaci shi ke jin tsoron gari. Yanzu gari ke jin tsoron ɓarawo, sabo da haka duk abin da ya sa tsohon tsarin ya yi kyau, watau kowa ya san wanda ya faɗa, shi ne zai sa a kashe mai faɗa a yau.

Akwai kuma nauyin da Bahaushe ke ji game da kai ƙarar wani a ɓoye. Sunayen da ya ba abin ba masu daɗi ba ne: tsegumi, gulma, annamimanci, munafunci. Yaro tun yana makarantar allo ake hore shi da barin kai tsegumi. A 'yan shekarun nan kuma wata kalma ta shigo bakin mutanen Zamfara, watau infoma, wadda ake nufin mai kai wa ɓarayi labarin wanda ya sayar da amfanin gona ko wanda ɗansa ya aiko da kuɗi daga birni. Kalmar ta yi muni har cikin watan Yuni na 2022 Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu a kan dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga ɓarayin daji da masu satar mutane da infomominsu. Abin lura a nan shi ne, ɓarayin sun riga Hukuma gane amfanin tukwici. Suna biyan mai kawo musu labari nan take, hannu da hannu, ba takarda ba sa hannu, ba a ce masa ya dawo gobe, kuma suna rufa masa asiri iyakar iyawarsu.

Malamai na da aiki a wannan gaɓa, domin addini bai bar maganar a duhu ba. A ƙarshen Suratul Baƙara an yi gargaɗi mai tsanani ga mai ɓoye shaida, a Suratul Hujurat kuma an umurci muminai su bincika labari kafin su yi aiki da shi, don kada su cuci waɗansu bisa rashin sani. Tona asirin mai kisan kai ba annamimanci ba ne, amma sai an faɗa a kan mumbari an maimaita kafin zuciyar talaka ta natsu da haka.

YADDA WAƊANSU ƘASASHE SUKA YI

Matsalar mai sani da ke tsoron faɗa ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce, kuma akwai inda aka yi mata dabara. Cikin watan Yuli na shekarar 1976, a birnin Albuquerque na Jihar New Mexico ta Amurka, 'yan fashi suka harbe wani ɗalibin jami'a mai suna Michael Carmen, wanda ke aikin dare a gidan mai. Makonni suka wuce ba wanda ya fito ya ce ya ga wani abu. Ɗan sandan ciki da ke binciken, Greg MacAleese, ya tabbata akwai wanda ya gani, ya kuma lura abu biyu ke hana mutane magana, tsoro da halin ba-ruwana. Sai ya shirya da wani gidan telebijin aka kwaikwayi yadda fashin ya auku aka nuna wa jama'a, aka ce duk mai labari ya bugo waya, ba za a tambayi sunansa ba, kuma akwai lada. Aka sami wanda ya bugo ya kwatanta motar da ya gani a daren, cikin kwana uku aka kama mutum biyu.

Daga nan aka kafa shirin da ake kira Crime Stoppers, wanda ya bazu zuwa ƙasashe da dama. A Ingila an kafa irinsa cikin 1988, bayan kashe ɗan sanda Keith Blakelock a wata tarzoma a London cikin 1985, inda aka tabbata akwai waɗanda suka san masu laifin amma suka ƙi magana. Ɗan kasuwa Michael Ashcroft ne ya jagoranci kafa shi, cikin 1995 kuma aka sa masa suna Crimestoppers.

Yadda abin ke tafiya shi ne ya fi tarihin muhimmanci. Wanda ke ɗaukar wayar a Ingila ba ɗan sanda ba ne, ma'aikacin wata ƙungiya ce mai zaman kanta. Ba ya tambayar suna, ba a naɗar muryar mai magana, ba a bin diddigin lambar da aka kira da ita. Idan mai kiran ya yi suɓul da baka ya faɗi abin da zai sa a gane shi, akan share wannan kafin a miƙa wa 'yan sanda rahoton. In yana son lada sai a ba shi wata lamba ta sirri. Idan labarin ya kai ga kama mai laifi aka gurfanar da shi, sai ya je banki ya faɗi lambar a ƙirga masa kuɗinsa, ba wanda zai nemi katin shaidarsa. Ladan da aka saba bayarwa kuma bai wuce fam 1,000 ba, mafi yawan masu kiran ma ba sa neman sa. Ashe ba kuɗin ne ke kwance bakin mutane ba. Abin da ke kwance shi shi ne sanin cewa ko wanda aka faɗa wa bai san mai faɗar ba, balle ya sayar da shi.

A nan ne tukwicin da aka saba sanarwa a Nijeriya ya sha bamban. Cikin Nuwamba na 2012 rundunar haɗin gwiwa da ke Maiduguri ta sa Naira miliyan 50 a kan Abubakar Shekau, cikin 2013 Amurka ta sa dala miliyan 7, cikin Mayu na 2014 'yan sanda suka sa Naira miliyan 50 don labarin 'yan matan Chibok. Shekau bai mutu ba sai cikin 2021, a rikicinsa da wani ɓangare na 'yan tawayen. Kuɗin na da yawa, amma kullum sanarwar kan tsaya ne a kan yawan kuɗin, ba ta bayyana wa talaka wa zai ɗauki wayar, wa zai ga lambarsa, ta yaya kuma kuɗin za su iso hannunsa ba tare da duk gari ya sani ba.

WA ZA A FAƊA WA?

A ɗauka wani manomi ne a Sunke ya ga inda aka ɗaure mutanen da aka sace, ya kuma ƙudura a ransa zai faɗa. Hanya ta farko ita ce ta gargajiya, ya je wurin mai gari. Mafi yawan masu riƙe da sarauta a yankin nan su ma abin ya ci su, an sace waɗansu, an kashe waɗansu, waɗansu sun yi hijira. Amma manomin ya ji abin da kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Muhammad Dahiru Abubakar ya shugabanta ya faɗa cikin rahoton da ya miƙa wa gwamnatin jiha a watan Oktoba na 2019. Kwamitin ya ce tsakanin 2011 da 2019 mata 4,983 sun rasa mazajensu, yara 25,050 sun zama marayu, mutum fiye da 190,000 sun bar gidajensu. Ya kuma zargi sarakuna 5 da hakimai 33 da waɗansu jami'an tsaro da hannu cikin al'amarin. Cikin Afrilu na 2022 aka tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau bisa irin wannan zargi. Ko da a ce ɗaya cikin ɗari ne ke da hannu, manomin ba shi da hanyar sanin wanne ne ɗayan, kuma kuskure guda ya ishe shi.

Hanya ta biyu ita ce ofishin 'yan sanda. Sai ya hau babur ya bi hanyar da ake tare mutane a kanta, ya shiga ofis a gaban idon masu shayi da 'yan acaɓa da ke bakin ƙofa, a ɗauki sunansa da na ƙauyensu a rubuta a littafi. Kafin ya iso gida labarin zuwansa ya riga shi.

Saura waya. Ƙauyuka da yawa na wannan yanki sai an hau tudu ko bishiya ake samun layi, wanda aka gani yana yawan hawa tudu kuwa ya jawo wa kansa ido. Tun daga Disamba na 2020 aka wajabta haɗa ko wane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau lambar da ta bayyana a wayar jami'i tana ɗauke da sunan mai ita da hotonsa. Cikin Satumba na 2021 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta rufe layukan waya a duk Jihar Zamfara bisa roƙon gwamnatin jiha, don a raba ɓarayi da infomominsu. Dalilin a fili yake, amma ƙofar da aka rufe wa infoma ita ce aka rufe wa mai son taimakon Hukuma, da wanda ke son ya ce ga su nan tafe. A waɗansu ƙananan hukumomi an yi wata da watanni a haka.

Ko an tsallake duk wannan, akwai maganar biya. Cikin Disamba na 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fito da tsarin ba masu tona asirin satar dukiyar gwamnati kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato. Cikin Afrilu na 2017 aka gano dala miliyan 43 da ɗoriya a wani gida a unguwar Ikoyi ta Ikko. Wanda ya ba da labarin sai da ya yi watanni yana bin hakkinsa, lauyoyi suka shiga, jaridu suka yi ta yayata maganarsa, har aka riƙa muhawara a kan lafiyar hankalinsa. Wannan a birni ke nan, ga mai lauya. Mutumin ƙauye da Naira miliyan 5 ta faɗo masa rana ɗaya kuwa, ko bai faɗa wa kowa ba, sabon kwanon rufi da sabon babur za su faɗa, kuma shi ne na gaba da za a sace.

HATSARIN ƘARYA

Akwai masu ganin cewa ɓoye sunan mai ba da labari zai buɗe wa maƙaryata ƙofa, kuma tsoronsu na da tushe. A Zamfara an ga yadda kalmar infoma ta zama makami. Rikicin gona ko na aure ko bashi ko tsohuwar gaba sukan sa a nuna mutum da yatsa, kafin a bincika 'yan sa-kai sun gama da shi. Fulani makiyaya da dama waɗanda ba ruwansu an kashe su a kasuwanni da kan hanya bisa zato, wannan kuwa na cikin abubuwan da suka hura wutar ramuwar gayya tun farkon rikicin. Idan aka ɗora kuɗi a kan irin wannan hali ba tare da shinge ba, an sa farashi ke nan a kan ran duk wanda ke da maƙiyi.

Shingen da masu irin wannan shiri suka yi shi ne, labarin da aka samu ta waya ba hujja ba ne, bakin zare ne kawai. Ba a kama mutum da shi, ba a kai shi gaban alƙali da shi, sai masu bincike sun bi sun samo shaidar da za ta tsaya da ƙafarta. Ba a kuma biyan ko kwabo sai an tabbatar. Maƙaryaci ba ya samun komai sai asarar lokacinsa. Ya kamata wannan sharaɗi ya fi tsanani a nan, musamman tun da gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara su 2,645 ran 31 ga Janairu na 2024. Su 'ya'yan ƙauyukan ne, sun san daji, mutane sun fi sakin jiki da su, amma don su 'yan gari ne suna da dangi da abokan gaba a cikinsa, sabo da haka bai dace a ce su ne masu karɓar labari, su ne masu tantancewa, su ne kuma masu zartarwa ba.

Dokar ƙasa ma ta ba da 'yar kafa. Sashe na 232 na dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ya yarda a ɓoye sunan mai shaida a shari'ar ta'addanci da makamantanta, ya yi magana a bayan labule ko da fuska a rufe. Amma wannan kariya a zauren kotu take farawa, mutumin Sunke kuwa tun a bakin rijiya yake bukatarta.

ABIN DA ZAI YIWU A YANKIN

Ba lalle ne a kwafo tsarin Ingila yadda yake ba. Abin da za a ɗauka shi ne ƙashin bayansa. Ofishin karɓar labari ya kasance nesa da yankin, kada ya zama ƙarƙashin wani jami'i ko basarake ko ɗan siyasa na wurin. Masu ɗaukar waya su iya Hausar Zamfara da Fulatanci, domin waɗanda suka fi kowa sanin cikin daji su ne makiyayan da aka kore wa shanu, da matan rugage, da yaran da aka tilasta wa ɗaukar bindiga suna neman hanyar fita. Kira ya zama kyauta, lambar mai kira kada ta bayyana. Tun da mutanen ƙauyuka na zuwa cin kasuwa Anka da Bagega da Nasarawar Burkullu da Gummi, ranar kasuwa ita ce ranar da mutum zai iya ɓacewa cikin taro ya yi magana ba a lura ba. Tukwicin kuma ya zama kaɗan kaɗan, a kan abubuwan da talaka ke iya gani, kamar hanyar da fetur da harsashi ke bi, da inda ake sauke shanun sata, da inda aka tsare waɗanda aka sace, a biya shi da lamba ta hannun masu hada-hadar kuɗi a wani gari dabam. Rediyo, wanda har yanzu shi ne jaridar ƙauye, ya riƙa bayyana yadda abin ke aiki dalla-dalla, ba yawan kuɗin kaɗai ba.

Duk wannan zai tashi a banza in aka kira ba a zo ba. Kukan da mutanen Anka da Bukkuyum da Gummi suka fi yi bayan hare-hare shi ne sun ga taruwar babura tun da rana, sun sanar, amma taimako bai iso ba sai bayan an gama. Jami'an tsaro na da nasu uzurin, ga ƙarancin mutane, ga munin hanya, musamman da damina, ga faɗin daji. Amma wanda ya sa ransa a tafin hannu ya ba da labari sau ɗaya bai ga komai ba, ba zai sake ba, kuma zai gaya wa ɗan'uwansa kada ya soma.

Daga cikin mutum 19 ɗin nan, an kashe Ali Kachalla cikin Disamba na 2023. Halilu Sububu kuwa sojoji sun yi masa kwanton ɓauna suka kashe shi a wajen Mayanci cikin Satumba na 2024, watau kusan shekara biyu bayan an sa kuɗi a kansa. Kwanton ɓauna ba ya yiwuwa sai an san hanyar da mutum zai bi da lokacin da zai bi ta. A duk tsawon shekara biyun nan yana ratsa ƙauyuka da ayarin babura, manoma na ganinsa daga gonakinsu, suna sunkuyar da kai su ci gaba da noma.